Kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya: Doka Daban, Al'ada Daban

Sashe na 231 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya shimfiɗa yadda ake naɗa Alƙalin Alƙalan Najeriya. Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ita ke ba da suna, Shugaban Ƙasa ya naɗa, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Sharaɗin shi ne mutum ya kai shekara 15 da zama lauya. Babu inda aka ce sai wanda ya fi daɗewa a Kotun Ƙoli. Wurin riƙon ƙwarya kaɗai doka ta tilasta bin girma, shi ma na wata uku ne, ba a sabuntawa sai da shawarar NJC.

Tarihin farko ya nuna ƙofar a buɗe take. Turawa suka riƙe kujerar tun daga Edwin Speed a 1914 har 1958, lokacin da Adetokunbo Ademola ya zama ɗan ƙasa na farko, ya kuma yi shekara 14. Taslim Elias daga kujerar Antoni Janar aka ɗauko shi a 1972. Darnley Alexander, wanda gwamnatin Murtala ta naɗa a 1975, haifaffen tsibirin Saint Lucia ne.

Daga 1979 aka koma bin layi. Muhammad Bello na Katsina, ɗan Arewa na farko, ya samu shekara takwas daga 1987, Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya riƙe daga 1995 zuwa 2006. Bayansu sai wa'adin ya tsuke, domin sashe na 291 ya wajabta ritaya a shekara 70, layin kuwa ba ya isowa sai mutum ya kusa cika ta. Mai Shari'a Salihu Alfa Belgore wata bakwai ya yi. Dahiru Musdapher bai cika shekara ba. Aloma Mukhtar, mace ta farko, ta yi shekara biyu da 'yan watanni daga 2012. Wane gyara za a kammala a wata bakwai, a kotun da ƙara ke shekaru tana jiran sauraro?

Tsigewa kuma sashe na 292 ya ɗaure ta: sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun nema. Shi ya sa dakatar da Walter Onnoghen a Janairun 2019, bisa umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ba tare da Majalisar Dattawa ba, ta tayar da ƙura har ya ajiye aiki. Kudirat Kekere-Ekun, mace ta biyu, ta hau a Agustan 2024.