Murmuration: ayarin da ba shi da madugu

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya ci karo da bidiyon nan: dubban tsuntsaye sun rufe sama da magariba, suna naɗewa suna warwarewa, a ƙasa an rubuta murmuration. Kalmar Turanci ce da ta samo asali daga ƙarar fukafukai, kuma tsuntsayen starling, dangin shaya, ake faɗa wa ita. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sharhin da ake liƙa wa bidiyon, wai a dubi yadda suke yi wa shugabansu biyayya, har ana kafa hujja da shi a maganar siyasa. Irin wannan ayari ba shi da madugu, kuma da akwai shi da sun yi ta karo, domin na tsakiya ba ya ko hango na gaba.

Masana kimiyyar fiziks a birnin Rum, cikinsu har da Giorgio Parisi wanda ya ci kyautar Nobel a 2021, sun kafa kyamarori a kan rufin gini suna ɗaukar garke ɗaya ta kusurwa daban-daban, sannan kwamfuta ta fitar da inda kowane tsuntsu yake. Sakamakon da suka wallafa a 2008 ya nuna kowanne yana lura ne da maƙwabtansa shida ko bakwai mafi kusa, ko suna gab da shi ko sun yi nisa. Adadi yake riƙewa, tazara ba ta dame shi ba. Shi ya sa idan shaho ya kutsa garken ya buɗe, nan take yake sake haɗewa, don kowa bai saki bakwai ɗinsa ba. An kuma ga maƙwabcin da ya fi kusa yakan kasance a gefe, inda idon tsuntsu ya fi gani, gaba kuwa a bar fili.

Aikin da kowane tsuntsu yake yi da waɗannan bakwai ɗin kaɗan ne: kada ya matse su, ya fuskanci inda suka fuskanta, kada kuma ya bari su bar shi a baya. Tun 1986 wani masanin kwamfuta, Craig Reynolds, ya ɗora wa tsuntsayen kwamfuta waɗannan ƙa'idoji uku kawai, sai ga su suna shawagi tare ba wanda ya ba su umarni.

Juyawa ita ce ta fi ruɗa mutane, har wani Bature mai nazarin tsuntsaye, Edmund Selous, ya ce a 1931 tunani suke aika wa juna. Abin da ke faruwa shi ne 'yan kaɗan a gefe su karkata, na kusa su bi, karkatar ta ratsa garken da gudun mita 20 zuwa 40 a daƙiƙa. A garken tsuntsaye 400, karkatar kan isa ga kowa cikin kusan rabin daƙiƙa. Wanda ya fara yanzu, an jima yana can baya yana bin wani.

A yi adalci, ƙaramin garken tattabaru yana da waɗanda ake yawan bi, an auna hakan da na'urar GPS a 2010. Amma wannan lissafin tsuntsaye goma ne, ba ya hawa kan gajimaren jan-baki da ke sauka a gonakin shinkafa da gero a Kebbi, Jigawa da Yobe.

Tsarin kuma yana da rauni, tunda kowa maƙwabci yake kallo. Idan garke ya yi ƙasa sosai yana gudun shaho, na sama kan danno na ƙasa har su bugi turɓaya. Haka masana da dama suka fassara abin da kyamara ta ɗauka a jihar Chihuahua ta Meziko a Fabrairun 2022, inda garke ya rikito kan titi, da yawa suka mutu nan take.