Ciwon dajin ƙwaƙwalwar yara: asibiti ɗaya ba zai iya ba

Bayan sankarar jini, ƙari a ƙwaƙwalwa shi ne ciwon dajin da ya fi kama yara. A 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana cewa a can ya zarce sankarar jini wajen kashe yara. An samu ci gaba sosai a maganin ta jini, ta ƙwaƙwalwa kuwa tana jan ƙafa.

Dalili? Ƙarin nan iri-iri ne, kuma kowane iri masu shi kaɗan ne. Babban asibiti kan shekara bai ga fiye da yara ƙalilan masu iri guda ba, kuma ba a gane ingancin magani da mutum uku ko huɗu. Kamfanonin magani ma ba su cika zuba kuɗi inda marasa lafiya ba su da yawa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dubi wanda ake kira medulloblastoma. A da, cuta ɗaya aka ɗauke shi. Sai da masana daga ƙasashe da dama suka haɗa samfuran ƙarin da ke hannunsu, a 2012 suka amince cewa gida huɗu ne. A gidan da ake kira WNT, fiye da yara 90 cikin 100 suna rayuwa, don haka ake gwajin rage musu ƙarfin hasken da ake ƙona ƙarin da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya ga yaron da ya warke amma karatu ya gagare shi, tsayinsa ya tsaya, ya san me hasken ke yi wa ƙwaƙwalwar da ba ta gama girma ba.

Ƙarin da ake kira DIPG kuwa, mai fitowa a gindin ƙwaƙwalwa inda ba a iya tiyata, yawancin yara ba sa cika shekara bayan an gano shi. A 2012 aka gano sauyin ƙwayar halitta mai suna H3K27M da ke tattare da shi, da taimakon samfuran da iyaye suka yarda aka ɗauka, wasu bayan rasuwar 'ya'yansu.

Saboda haka, mai niyyar ba wata ƙungiyar bincike gudummawa ya tambaya: shin ƙungiyar nan tana raba bayananta da sauran masu bincike, kamar yadda haɗakar masu binciken ƙarin ƙwaƙwalwar yara mai suna Children's Brain Tumor Network ke yi, ko kullewa take? Shin tana ɗaukar yaran ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a da yawansu ƙasa da kashi 30 cikin 100 na yara masu ciwon daji ke warkewa?

Iyaye kuma, idan yaro na tashi da ciwon kai da amai da safe, yana tangaɗi, idonsa ya karkace kwatsam, ko kan jariri na girma fiye da kima, a kai shi asibiti da wuri.