Ƙwayar ƙara ƙarfi a ƙwallon Amurka: laifi ɗaya, hukunci iri biyu

A watan Fabrairun 2019 aka zaɓi Julian Edelman na New England Patriots gwarzon Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL, bayan sun doke Los Angeles Rams da ci 13 da 3. Wata biyar kafin nan yana zaune a gida, an dakatar da shi wasa huɗun farko na kakar saboda karya dokar ƙwayoyin ƙara kuzari. Da a gasar besbol ta Amurka yake wasa, da ko filin ba zai taka ba a zagayen ƙarshe na wannan shekarar, domin dokarsu ta hana. Daga nan tambayoyin suka taso.

Wane ƙwallo ake magana, kuma wace ƙwaya ce?

Ba tamaula ba ce. Wannan ita ce ƙwallon da Amurkawa ke yi da hular kwano da sulke a kafaɗa, mai kama da zari-ruga, inda ƙarti ke karo da juna da gudu. Babbar gasarta ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32, kowace tana buga wasa 17 a kaka kafin zagayen ƙarshe.

Ƙwayar kuwa ita ce sitiroyid mai gina tsoka, wadda ake haɗawa don ta yi aikin sinadarin maza na testosteron. Tana ƙara nama da ƙarfi, tana kuma sa jiki ya farfaɗo da wuri bayan wahala. Daban take da irin su dexamethasone da likita ke ba mai asma. Illarta ga zuciya da hanta da haihuwa sananniya ce, kuma tun 1990 dokar Amurka ta sa ta cikin magungunan da mallakarsu ba da takardar likita ba laifi ne.

Yaushe ta shiga wasan?

Ta ƙofar gaba ta shiga. A 1963 ƙungiyar San Diego Chargers ta ɗauki Alvin Roy ya riƙa horar da 'yan wasa ɗaga ƙarfe, shi kuma ya zo musu da ƙwayar Dianabol, ana ajiye ta a wurin cin abinci lokacin atisaye. A shekarar suka ci kofin AFL, gasar da daga baya ta haɗe da NFL. Babu dokar da ta hana a lokacin.

Sai a 1987 NFL ta fara gwaji, ta fara dakatarwa a 1989, gwajin ba-zata ya biyo baya a 1990. A tsakanin nan abin ya riga ya yi jijiya. Steve Courson na Pittsburgh Steelers ya fito fili a 1985 ya ce yana sha. Lyle Alzado, wanda ya yi suna da zafin kai a Denver Broncos da Raiders, ya faɗa wa mujallar Sports Illustrated a 1991 cewa tun 1969 yake sha. Ya mutu a 1992 yana da shekara 43, da ciwon daji a ƙwaƙwalwa. Shi dai ya ɗora wa ƙwayar alhakin ciwonsa, ko da yake likitoci ba su tabbatar da wannan alaƙa ba.

Ke nan NFL ba ta ɗaukar mataki?

Tana ɗauka, kuma a takarda dokarta ba ta da rauni. Ta riga besbol fara gwaji da shekaru fiye da goma. Kowane mako a cikin kaka ana zaɓo 'yan wasa goma daga kowace ƙungiya a gwada fitsarinsu, kuma tun 2014 ana ɗibar jini don neman sinadarin girman jiki na HGH. Wanda aka kama da sitiroyid karon farko, a yarjejeniyar 2020, zai rasa wasa shida ba albashi. A da huɗu ne.

Sai dai gwaji bai kama kowa ba. A 2005 gidan talabijin na CBS ya fallasa cewa wani likita a South Carolina, James Shortt, ya rubuta wa wasu 'yan wasan Carolina Panthers sitiroyid dab da Super Bowl na 2004. Gwajin NFL bai kama su ba, binciken hukuma a kan likitan ne ya tona.

To ina bambancin yake?

A abin da ke biyo bayan hukuncin yake. A NFL, ɗan wasa ya gama zaman dakatarwarsa, magana ta mutu. 'Yan jarida ma yadda suke ba da labarin targaɗe haka suke ba da labarinsa: wane ba zai buga wasa huɗu ba, wa zai maye gurbinsa?

Dubi Shawne Merriman na Chargers. A 2006 an dakatar da shi wasa huɗu saboda sitiroyid. Ya dawo, ya ƙare kakar da kayar da mai jefa ƙwallo sau 17 a wasa 12 kacal, ya fi kowa a gasar, aka kuma zaɓe shi cikin taurarin shekara. Kunyar wannan ce ta sa aka kafa doka cewa wanda aka dakatar ba zai shiga wasan taurari na wannan kakar ba.

Na Brian Cushing ya fi ban mamaki. An ba shi kyautar sabon ɗan wasan tsaron baya mafi ƙwazo na 2009, sai a watan Mayun 2010 aka sanar cewa ya faɗi gwaji tun a cikin kakar. Kamfanin dillancin labarai na AP, mai ba da kyautar, ya ce a sake zaɓe. Aka sake, masu zaɓen suna sane da komai, suka sake ba shi. A 2017 aka kuma dakatar da shi, wannan karon wasa goma.

Antonio Gates, wanda aka dakatar wasa huɗu a 2015, ya shiga zauren gwarazan wasan da ke Canton a jihar Ohio a 2025, ba tare da wata doguwar jayayya ba.

Yanzu a juya ga besbol. Barry Bonds ne ya fi kowa bugun da ke fitar da ƙwallo daga fili a tarihin gasar, 762. Roger Clemens ya ci kyautar gwarzon mai jifa sau bakwai. Babu ɗaya daga cikinsu da gasar ta taɓa dakatarwa kan faɗuwa gwaji, kotu ma ta wanke Clemens daga tuhumar rantsuwa kan ƙarya a 2012. Duk da haka shekara goma sunayensu suna gaban marubuta masu zaɓen zauren gwarazan besbol, ba su taɓa samun kashi 75 cikin ɗari da ake buƙata ba, har wa'adinsu ya ƙare a 2022. Zargi ya ishi a rufe wa ɗan besbol ƙofa, ɗan NFL kuwa ko an kama shi a buɗe take. Mowa da bora ke nan a gida ɗaya.

Majalisar dokokin Amurka ma haka ta yi. A ranar 17 ga Maris 2005 ta zaunar da taurarin besbol Mark McGwire da Sammy Sosa da Rafael Palmeiro a gaban kyamara, ƙasa duka tana kallo. Wata guda bayan nan shugaban NFL na lokacin, Paul Tagliabue, ya je gaban kwamitin majalisar, aka rabu da shi cikin yabo.

Akwai kuma badaƙalar BALCO, ɗakin haɗa magunguna na California. 'Yar tseren gudu Marion Jones da ɗan wasan NFL Bill Romanowski duk daga can suka samu kayansu. An ƙwace wa Jones lambobinta biyar na Olamfik ɗin Sydney 2000, ta kuma yi wata shida a kurkuku saboda yi wa masu bincike ƙarya. Romanowski ya amsa da bakinsa a talabijin a 2005, kuma zobba huɗu da aka ba shi na cin Super Bowl suna hannunsa.

Idan aka gwada da wasannin da muka fi sani fa?

Tazarar ta fi faɗi. Tamaula da guje-guje suna ƙarƙashin dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, wadda ke yanke shekara huɗu ga wanda ya sha da gangan. Shekara huɗu aka fara yanke wa Paul Pogba a 2024, kafin kotun wasanni ta rage zuwa wata 18. Blessing Okagbare ta Najeriya, wadda aka cire daga Olamfik ɗin Tokyo saboda HGH, ta ƙare da haramcin shekara 11. A besbol laifin farko wasa 80 ne cikin 162, kusan rabin kaka. A NFL kusan sulusi ne.

Dalili a bayyane yake: NFL ba ta sa hannu a dokar WADA ba. Hukuncinta ciniki ne tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, kuma babu ɓangaren da ke son tauraro ya ɓace shekara huɗu.

Me ya sa su Amurkawan ba su damu ba?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce lissafi. Besbol wasa ne da masoyansa ke haddace alƙaluma, ana gwada ɗan yau da ɗan shekara tamanin da suka wuce. Da Bonds ya wuce bugu 755 na Hank Aaron, mai riƙe da tarihin kafin shi, sai mutane suka ji kamar an yi wa tarihi sata. A ƙwallon Amurka kuwa ƙaton da ke tare hanya a sahun gaba ba shi da wani adadi da yara ke haddacewa. Fuskarsa ma tana cikin hular kwano, mai kallo launin riga yake gani.

Wannan gaskiya ne, amma a ganina bai kai ga gindin maganar ba. Abin da NFL ke sayarwa shi ne girman jiki da ƙarfin karo. A shekarun 1970 'yan wasan da suka kai kilo 136 ana iya ƙirga su da yatsu, yau ɗaruruwa ne, kuma da yawansu suna gudun da zai ba ka tsoro. Ba a ce duk ƙwaya ce ba, abinci da horo sun canza sosai. Amma mai kallon da ya biya kuɗi don ya ga an yi karo, an kwashi mutum an buga da ƙasa, an kuma tashi an dawo bayan kwana bakwai, ba shi da sha'awar tambayar yadda jikin ɗan Adam ke jure haka. Da yawa ma suna ganin ƙwayar a matsayin kayan aiki ga wanda sana'arsa ke ragargaza shi.

Sai kuɗi. Yarjejeniyar talabijin da NFL ta ƙulla a 2021 ta haura dala biliyan ɗari cikin shekara 11. Gidajen da suka zuba wannan dukiya su ne kuma manyan masu ba da labarin wasan. Ba a tsammanin mai haja ya tsaya bakin kasuwa yana kushe kayansa.

A cikin NFL ɗin kanta, ana yi wa laifuka adalci?

Nan ma da sauran magana. Calvin Ridley ya yi caca a kan wasannin NFL da kuɗin da ya ce dala 1,500 ne, lokacin ba ya ma buga wasa, aka dakatar da shi kakar 2022 gaba ɗaya. A shekarar DeAndre Hopkins ya faɗi gwajin ƙwayar ƙara kuzari, ya rasa wasa shida. Caca na sa mai kallo ya yi shakkar sakamako, wannan kuwa yana taɓa aljihu kai tsaye.

Tabar wiwi, wadda ba ta ƙara wa kowa gudu, ta cinye wa 'yan wasa irin su Ricky Williams da Josh Gordon wasanni masu yawa kafin a daina dakatarwa a kanta a 2020. A gefe guda likitocin ƙungiyoyi sun daɗe suna yi wa 'yan wasa allurar kashe zafi ta Toradol kafin wasa don su iya shiga fili da ciwo, har tsofaffin 'yan wasa suka kai NFL kotu a 2014 kan yadda aka riƙa ɗura musu magungunan kashe zafi. Allurar da ke sa mai rauni ya buga wasa ita ma ƙara kuzari ce, bambancin kawai ƙungiya ce ke riƙe da sirinjin.

Waɗanda ke cewa ba su san sun sha ba fa?

Kusan kowa haka yake cewa. Merriman ya ɗora wa gurɓataccen ƙarin abinci, Gates ya ce bai taɓa sha da saninsa ba, Edelman ya ce bai san abin da ya faru ba. Wani lokaci gaskiya ce, domin kasuwar ƙarin abinci a Amurka ba ta da tsauraran matakai. Dokar dai ta ce abin da aka samu a jikinka naka ne. Matsalar ita ce NFL ba ta saba bayyana sunan sinadarin da ta samu ba, don haka ɗan wasa na iya faɗin abin da ya ga dama, babu mai ƙaryata shi a fili.

Akwai alamar canji?

Daga cikin gida babu alama, yarjejeniyar da ake kai za ta kai har kakar 2030. Daga waje ne abin zai iya zuwa. An sa nau'in wasan da ba a karo, wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugun abokin hamayya, cikin Olamfik ɗin Los Angeles na 2028, kuma a watan Mayun 2025 masu ƙungiyoyin NFL suka amince 'yan wasansu su shiga. Duk tauraron da ke son lambar zinare dole ya miƙa kansa ga gwajin da ke bin dokar WADA, inda mai gwaji kan iya ƙwanƙwasa ƙofa da asuba, kuma hukuncin da shekaru ake ƙirga shi.