Waiwaye: Me ya sa silaid ke wargajewa da zarar ya bar kwamfutar da aka tsara shi?

Duk sanda kakar kare kundin bincike ta zo a jami'o'in Kumasi, ko makarantun Islamiyya na Aboabo da Asawase suka shiga shirin walimar sauka, gardamar nan takan dawo sabuwa fil. An tsara silaid a gida, an zuba a fendiraif, an kai zauren taro an jona da majigi, sai ga kanun magana ya karye gida biyu, layin ƙarshe ya shige ƙarƙashin hoto. Wasu na cewa manhajojin kyauta irin su LibreOffice ne ba su iya aiki ba, kowa ya koma Windows da PowerPoint a huta. Wasu na so makarantu su daina karɓar komai sai PDF. Akwai kuma masu ɗora laifin a kan laftof ɗin gwanjo da ake saye a PZ, can Adum. Matsalar ta girmi duk waɗannan laftof ɗin, kuma inda aka fi nuna wa yatsa ba nan take ba.

Farkon labarin sananne ne. PowerPoint ya fito a 1987, kuma abin da mutane ke mantawa, a kan Macintosh ya fara aiki kafin Microsoft ya saye shi a wannan shekarar. Fayilolin .doc da .ppt na shekarun 1990 a rufe tsarinsu yake, duk mai son buɗe su da wata manhaja sai ya yi ta lalube. OpenOffice ya fito a 2002, Keynote na Apple a 2003. Buɗaɗɗen tsarin fayil na ODF, wanda ya haifi .odt da .odp, ya samu amincewar ISO, hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya, a 2006, na .docx da .pptx ya biyo baya a 2008, bayan doguwar muhawara kan bayaninsa mai shafi kusan 6,000. LibreOffice ya ɓalle daga OpenOffice a 2010. Wannan shi ne tarihin da ake maimaitawa, kuma yana sa mutum ya ɗauka cewa faɗan duk na kwantenar da ake zuba rubutu ne.

Amma a 2007 abu biyu ne suka canza lokaci guda, ɗaya kowa ya gani, ɗaya ya wuce shiru. Wanda aka gani shi ne ƙarin harafin x a ƙarshen sunan fayil. Shagunan buga takardu da ke da Office 2003 sun kasa buɗe sababbin fayiloli har sai da suka saka ƙaramar manhajar daidaitawa, kuma cikin 'yan shekaru maganar ta mutu. Wanda ya wuce shiru shi ne salon haruffa. Kafin 2007, wanda ya buɗe Word zai tarar da Times New Roman lamba 12, a PowerPoint 2003 kuwa Arial. Office 2007 ya zo da Calibri, lamba 11 a Word, an kuma buɗa tazarar layi zuwa 1.15 da ɗan fili bayan kowane sakin layi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: an zana Calibri ne don ya karantu sarai a kan faffaɗan allon LCD da ke maye gurbin tsofaffin allunan nan masu ƙeya.

Abin da ya sa wannan ƙaramin sauyi ya yi nauyi shi ne yadda fayil yake a ciki. Fayil ɗin .pptx jaka ce ta zip. Wanda ya kwafi fayil ya mayar da ƙarshen sunansa .zip ya buɗe, zai ga aljihu mai suna ppt, a cikinsa akwai slides da theme da media. Hotuna suna cikin media da kansu, shi ya sa hoto ba ya ɓata a hanya. Haruffa kuwa, in aka buɗe theme1.xml, sunan kawai za a gani a rubuce: Calibri. Zanen kowane harafi, faɗinsa da tsayinsa, yana can cikin kwamfutar da aka yi aikin. Kamar ka aika wa tela sunan yadi ne a takarda ba tare da yadin ba. In yana da shi, falillahil hamdu. In ba shi da shi, zai ɗinka da wanda ya ga ya fi kama.

Haka manhaja take yi, kuma ba ta neman izini. Calibri siriri ne, ya fi Arial matsewa. A kwamfutar da ke aiki da Linux, tsarin kyauta da ake sakawa a madadin Windows, wadda ba ta da shi, sau da yawa DejaVu Sans ke shigowa a madadinsa, shi kuwa mai faɗi ne. Ɗauki kanun silaid kamar "Tarihin Zangon Kumasi da Fataucin Goro" a lamba 44: a Calibri yana iya zama daram a layi ɗaya, a DejaVu Sans sai "Goro" ta sauko layi na biyu. Akwatin rubutu bai ƙara girma ba, don haka kanun ya hau kan abin da ke ƙasansa. A Word abin ya fi muni saboda yana taruwa: layi ɗaya ya ƙaru nan, biyu can, kafin a kai babi na uku tebur ya tsallaka wani shafi, lambobin da ke jerin abubuwan ciki sun daina dacewa. Ɗalibi ya biya kuɗin buga shafi 80, an miƙo masa 86. Yaron shago da ya san aikinsa yakan ce, "Malam, ba injin ba ne, harafin da ka yi aiki da shi ne babu a nan." Gaskiyarsa ce, ko da yake ba kasafai ake yarda da shi ba.

Maganin irin wannan tagwaye ne: a zana wani salon haruffa na kyauta wanda kowane harafinsa faɗinsa ɗaya da na asalin, ko da kamanninsu sun ɗan bambanta. A shekarar 2007 ɗin nan dai kamfanin Red Hat ya saki Liberation Sans, Liberation Serif da Liberation Mono, tagwayen Arial da Times New Roman da Courier New. Wato an sami makullin tsohuwar ƙofa a daidai shekarar da aka koma sabon ɗaki. Tagwayen Calibri da Cambria, abokin tafiyarsa a Office 2007, wato Carlito da Caladea, ba su fito ba sai 2013. Shekara shida kenan duk wanda ya buɗe sabon fayil a kwamfutar da ba ta da Calibri yana iya ganin shafi a karkace. A wannan tsakanin ne sunan manhajojin kyauta ya ɓaci a bakin masu buga takardu, kuma har yau bai gama wankuwa ba. Salon haruffa kaya ne mai lasisi kamar kowace manhaja, ba a kwafe shi a raba yadda aka ga dama. Mu kuma masu rubutu mun saba da karɓar duk abin da muka tarar a akwatin sama ba tare da tambayar ko wanda za mu aika wa yana da shi ba.

Ga mai rubuta Hausa akwai hawa na biyu. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ suna da gurbinsu a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, tun farkon shekarun 1990, amma ba kowane salon haruffa ne aka zana su a ciki ba. In babu, manhaja takan aro wannan harafin shi kaɗai daga wani salo, sai ka ga "ƙasa" da ƙ mai kauri ko gajarta daban da sauran, ko kuma ɗan akwati fanko. Tsofaffin fayiloli na da tasu cutar: kafin Unicode ya yaɗu, an yi ta amfani da salon haruffa na gida da aka ɗora ƙ a gurbin wata alama. In aka buɗe irin wannan fayil a inda babu salon, alamar asali ce ke fitowa a tsakiyar kalma, kuma babu gyara sai a bi da nemo-ka-musanya, harafi bayan harafi. Maƙwabtanmu masu Twi sun san wannan ciwon, shi ya sa ake ganin 3 a madadin ɛ da ) a madadin ɔ a saƙonnin waya. Silaid ɗin walima kuma yakan haɗa aya da Larabci, fassara da Hausa, da sunan makaranta da Turanci. Fayil yana ajiye sunan salon Larabci a gurbi daban da na boko, don haka mutum na iya gyara ɗaya ya bar ɗayan, wasulan aya su hau kan juna a majigi gaban iyaye.

Sauyin girman silaid da PowerPoint ya yi a 2013 bai kai wannan ba, amma ya ƙara gishiri. Tsohon silaid 4:3 ne, santimita 25.4 a 19.05, sabon 16:9 ne, 33.87 a 19.05. Yawancin tsofaffin majigin makarantu 1024 a 768 suke nunawa, wato 4:3, in aka haska sabon silaid a kansu sai baƙin fili ya fito sama da ƙasa, rubutu ya ƙanƙance. A tambayi irin majigin zauren kafin a fara tsarawa, don sauya girma daga baya yana jirkita hotuna.

A aikace, abin yi bai da yawa. A Ubuntu ko Debian, waɗanda nau'o'in Linux ne, a saka fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea da fonts-liberation, a rufe LibreOffice a sake buɗewa. Shi da kansa zai riƙa musanyawa. In sunan salon haruffa ya fito a karkace a akwatin sama na Impress ko Writer, manhajojin silaid da rubutu na LibreOffice, alama ce cewa babu shi a kwamfutar, aro ake yi. Wanda zai rubuta Hausa ya zaɓi salon da ke da haruffa masu lanƙwasa, irin su Noto Sans, Charis SIL ko Andika. Don Larabci akwai Amiri da Scheherazade New, don ajami irin na Kano akwai Alkalami. Duk kyauta ne, ana iya zuba su a fendiraif tare da fayil a saka a kwamfutar zauren. PowerPoint da LibreOffice duk suna da zaɓin cusa haruffa cikin fayil, a PowerPoint ta File, Options, Save, sai dai ba kowane salo lasisinsa ya yarda ba, kuma ba kowace manhaja ke karanta wanda aka cusa ba. A bar wa kowane akwatin rubutu sarari, kada a cika shi maƙil, a kuma kashe zaɓin nan da ke ƙanƙance rubutu da kansa, domin kowace manhaja da irin lissafinta. PDF yana tafiya da haruffansa, shi ya sa ba ya karkacewa, amma ba ya motsi, bidiyo ba abin dogaro ba ne a cikinsa, malami kuma ba zai iya gyara ba. A riƙe shi a matsayin na biyu a fendiraif.

A 2023 aka sanar da Aptos a matsayin magajin Calibri, ya kuma shiga hannun masu Microsoft 365 daga nan zuwa 2024. Ta intanet manhaja ke sauko da shi, ba ya cikin Office 2010 ko 2013 ko 2016, waɗanda har yanzu ake samu a shagunan buga takardu na Ayeduase da Tech Junction. Ɗalibin da ya tsara silaid a sabuwar laftof ya kai irin wannan shago, Windows ne nan Windows ne can, PowerPoint nan PowerPoint can, zai iya ganin kanunsa ya karye gida biyu kamar yadda ya karye wa mai Linux a 2008. Kafin ya fita daga ɗaki, ya shiga Replace Fonts ya mayar da Aptos zuwa Arial, sannan ya bi silaid ɗin ɗaya bayan ɗaya ya duba inda layi ya sauko.