Me Kiristanci ya ce kan wariyar da ake nuna wa tsofaffi da naƙasassu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata babbar naƙasa. Ta kuma ce cikin waɗanda suka kai shekara 60, kusan mutum ɗaya cikin shida yakan fuskanci cin zarafi a shekara guda.

Daga ina Kirista ya samo hujjar ƙin wannan wariya?

Tun daga shafin farko na Littafi Mai Tsarki. Farawa 1:27 ta ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, ba ta kuma gindaya sharaɗin lafiyar ƙafa ko ƙarfin gani ba. Idan darajar mutum daga mahaliccinsa take, to tsufa ba ya rage ta, shanyewar jiki ma haka. Littafin Firistoci 19:14 ya hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe, ya ɗora da umarnin jin tsoron Allah. Kurma ba zai ji zagin ba, makaho ba zai ga wanda ya ajiye dutsen ba, amma akwai mai ji da gani.

Shin naƙasa hukuncin zunubi ce?

Almajiran Yesu ma da wannan tunani suka tashi. A Yohanna 9 sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya ko shi ya yi zunubi ko iyayensa. Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Wannan amsa kaɗai ta isa ta rufe bakin mai cewa uwar yaro mai larurar ƙwaƙwalwa alhaki ne ke bin ta. Musa mai nauyin baki ne, a haka aka aike shi gaban Fir'auna yana da shekara 80. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, kuma bai daina zama manzo ba.

To, ai Littafin Firistoci 21 ya hana mai lahani miƙa hadaya?

Haka ne, ayar tana nan, kuma an sha fakewa da ita don hana naƙasassu aikin coci. Sai dai dokar ta shafi zuriyar Haruna ne, wato firistoci, a bakin bagade, kuma ko a can ba a hana su cin abinci mai tsarki ba. Galibin malaman Kirista na ganin wancan tsarin hadaya ya cika da zuwan Almasihu, wanda ya taɓa kuturu da hannunsa, ya kuma tashi daga matattu da tabon ƙusa a jikinsa.

Tsofaffi fa?

Nan maganar ba ta da kwana-kwana. Girmama uba da uwa na cikin Dokoki Goma, Littafin Firistoci 19:32 ya ce a miƙe tsaye gaban mai furfura, Bulus kuma ya gargaɗi Timoti kada ya tsauta wa dattijo, ya roƙe shi kamar mahaifinsa. Wurin da ya fi jan hankalina shi ne Markus 7, inda Yesu ya caccaki masu cewa dukiyar da ya kamata su tallafi iyayensu da ita sun riga sun keɓe wa Allah. Wato baiko da zakka ba sa wanke wanda ya bar tsohuwarsa da yunwa. A zamaninmu Fafaroma Francis ya yi ta sukar ɗabi'ar yar da mutum idan an gama morarsa, a 2021 kuma ya ware Lahadi ta huɗu ta watan Yuli don kakanni da tsofaffi.

A aikace me Kiristoci suka yi?

A 1839 Jeanne Jugan, wata mai aikatau a Faransa, ta ɗauko wata tsohuwa makauniya ta ba ta gadonta, daga nan aka samu ƙungiyar Little Sisters of the Poor mai gidajen tsofaffi a ƙasashe da dama. A 1908 Fasto Ernst Christoffel ya buɗe gidan makafi da marayu a Malatya ta Turkiyya, aikin da ya zama CBM, ƙungiyar Kirista mai tallafa wa makafi da sauran naƙasassu. Andrew Foster, baƙar fatar Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya fara da Ghana a 1957, ya kafa makarantun kurame sama da 30 a Afirka.

Akwai kuma waɗanda suka tsaya gaban hukuma. Gwamnatin Hitler ta kashe naƙasassu da masu taɓin hankali kimanin 70,000 a wani shiri na ɓoye. Ranar 3 ga Agustan 1941 Bishop Clemens von Galen na Münster ya hau mumbari ya kira abin da sunansa, kisan kai, ya ja kunnen jama'a cewa idan aka halatta kashe wanda ba ya iya aiki, to kowa ya shiga uku ranar da ya tsufa. Kafin watan ya ƙare aka ba da umarnin dakatar da shirin, ko da yake kisan ya ci gaba ta wasu hanyoyi.

Ke nan coci ba ta da laifi?

Ina fa! Lokacin da Amurka ta yi dokar kare haƙƙin naƙasassu a 1990, wasu ƙungiyoyin Kirista ne suka nemi a tsame wuraren ibada daga tilascin gyara gine-gine, aka kuwa tsame su. Har yau akwai majami'un da mai keken guragu ba zai iya shiga ba sai an ciccibe shi, babu mai fassara wa kurame wa'azi da hannu, sannan an kwashe waƙoƙin da dattawa suka haddace ba tare da an ji ta bakinsu ba. Mafi ciwo shi ne taron warkarwa inda ake jan gurgu gaba, in bai miƙe ba a ce bangaskiyarsa ce ba ta kai ba. Ya zo da ciwo ɗaya ya koma da biyu.

Ba da sadaka da kai ziyara bai wadatar ba?

A ganina a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Sadaka tana da kyau, amma tana iya barin mutum a bakin ƙofa har abada. Sarki Dawuda bai aika wa Mefiboshet, gurgun ɗan Jonatan, da abinci daga nesa ba. Ya mayar masa da gonakin kakansa Saul, ya zaunar da shi a teburinsa kamar ɗan sarki. Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 12:22 gaɓoɓin da ake ganin raunanansu jiki ba ya iya yi sai da su. Ma'anarsa makaho ya karanta nassi ranar Lahadi, kurma ya zauna a kwamitin coci, tsohuwa ta koyar da matasa. Kuma kafin a yanke musu abin da suke buƙata, a tambaye su, kamar yadda Yesu ya tsaya a hanyar Yariko, bayan jama'a sun gama kwaɓar Bartimawas makaho, wanda ke ta kiransa da ƙarfi, cewa ya yi shiru, Yesu ya sa aka kira shi, ya tambaye shi abin da yake so a yi masa.