Mazaɓa ta 13 ta Majalisar Dattawan Jihar Illinois

Mazaɓa ta 13 tana cikin mazaɓu 59 da ke tura sanata zuwa Majalisar Dattawan Jihar Illinois ta Amurka, wadda ke zama a birnin Springfield. Wannan majalisa ta jiha ce, dabam take da ta tarayya da ke Washington. Mazaɓar tana cikin birnin Chicago, ta miƙe siririya a gaɓar Tafkin Michigan daga tsakiyar gari zuwa kudu, ta haɗa unguwanni irin su Kenwood, Hyde Park da South Shore. An fi saninta da cewa Barack Obama ya wakilce ta daga 1997 zuwa 2004.

Tsarin kujerar

Kowace mazaɓar sanata a Illinois an raba ta gida biyu domin Majalisar Wakilai mai kujeru 118, kuma mazaɓun wakilai na 25 da na 26 ne a cikin ta 13. Bisa ƙidayar 2020, kowane sanata yana wakiltar mutum kusan 217,000. Dole mai neman kujerar ya zama ɗan ƙasa, ya kai shekara 21, ya kuma shekara biyu yana zaune a mazaɓar.

Wa'adin ba iri ɗaya ba ne. Bayan kowace ƙidaya ana kasa mazaɓun rukuni uku, kowane rukuni ya yi zaɓe sau uku cikin shekara goma: wa'adi biyu na shekara huɗu-huɗu, ɗaya na shekara biyu. Wani rukuni yana farawa da gajeren wa'adin, wani ya zo masa a tsakiya, wani a ƙarshe. Shi ya sa aka yi zaɓe a wannan mazaɓa a 1992 da 1996 da 1998, sannan a 2002 lokacin da dukkan kujerun suka sake fitowa.

Idan kujera ta zama ba kowa, ba a shirya zaɓen cike gurbi nan take. Shugabannin jam'iyyar sanatan da ya tafi ne ke naɗa magaji cikin kwana 30, kuma nauyin ƙuri'ar kowane shugaba ya danganta da yawan ƙuri'un yankinsa. In sauran wa'adin ya wuce wata 28, wanda aka naɗa sai ya tsaya takara a babban zaɓe na gaba.

Tarihi

Richard Newhouse ya shiga majalisar a 1967, ya yi shekara 24 kafin ya ajiye aiki a 1991, aka naɗa Alice Palmer a gurbinsa. Ta ci zaɓe a 1992. A 1995 ta nemi kujerar majalisar wakilan tarayya da Mel Reynolds ya bari, ta kuma goyi bayan Obama ya gaje ta. Da Jesse Jackson ƙarami ya kayar da ita a zaɓen fid da gwani, sai ta dawo neman tsohuwar kujerarta, saura kwanaki kaɗan a rufe karɓar takardu.

A nan ƙa'idar sa hannu ta yi aiki. A Illinois sunan ɗan takara ba ya hawa takardar zaɓe sai ya kawo sa hannun masu rajista daga mazaɓar, kuma duk mai rajista a cikinta yana iya ƙalubalantar takardun. Ana bi layi-layi ana soke na wanda bai yi rajista a adireshin da ya rubuta ba, da na mazaunin wata mazaɓa, da wanda aka maimaita, da wanda bai yi kama da na katin rajista ba. Idan mai zagayawa da takardar bai cika sharaɗi ba, shafin duka yana iya faɗuwa. Saboda haka gogaggun 'yan siyasa kan tara ninki biyu ko uku na abin da ake bukata. Palmer ta kawo 1,580 alhali 757 ake nema, amma da yake cikin gaggawa aka tara su, bayan tantancewa ba su kai ba, ta janye a Janairun 1996. Sauran masu nema ma haka suka faɗi. Obama ya wuce zaɓen fid da gwani ba hamayya, ya ci babban zaɓe da kusan kashi 82 cikin ɗari. Masu suka na ganin an tauye wa jama'a zaɓi, magoya bayansa na cewa doka aka bi.

Taswirar 2001 ta sauya fasalin mazaɓar. Idan majalisa ta kasa shata iyakoki zuwa 30 ga Yuni, aikin yana komawa hannun kwamitin mutum takwas, huɗu daga kowace jam'iyya. In suka cije, sai a zaro sunan na tara ta hanyar canki-canka. A 1991 jam'iyyar Republican ta yi sa'a, a 2001 kuma Democrat. Sabuwar taswirar ta ja mazaɓar arewa ta bakin tafki har unguwannin masu hali na tsakiyar gari, ba tare da ta rabu da Hyde Park ba.

Da Obama ya ci kujerar majalisar dattawan tarayya a Nuwamban 2004, aka naɗa Kwame Raoul, wanda iyayensa suka zo daga Haiti. Yana cikin waɗanda suka jagoranci dokar soke hukuncin kisa a jihar a 2011. Ya zama babban lauyan jiha a Janairun 2019, aka naɗa Robert Peters a kujerar sanatan.

Wakilci a yau

Jam'iyyar Democrat ce ke riƙe da kujerar da gagarumin rinjaye, don haka babban zaɓen Nuwamba bai cika sauya komai ba. Abin lura shi ne cikin sanatoci huɗun da suka biyo bayan Newhouse, uku ta hanyar naɗi suka fara shiga, ɗayan kuma, wato Obama, bai gamu da abokin karawa a cikin jam'iyya ba. Wanda aka naɗa yana zuwa zaɓensa na farko yana kan kujera, abin da ke sa ƙalubalantarsa ya yi wuya.

Peters yana cikin jagororin dokar da ta soke beli na kuɗi a Illinois, wadda ta fara aiki a Satumban 2023.