Idan likita ya ce ba za a yi tiyata ba

Sau da yawa nakan ga iyalin mai ciwon dajin fankiriyas sun fito daga ɗakin likita jiki a sanyaye, babban ɗa yana cewa, "Mu mai da Baba gida kawai, sun ce aiki ba zai yiwu ba." A nan nake tsayar da su. Tiyata ce aka ce ba za ta yiwu ba, amma magani yana nan.

Fankiriyas wata gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, ita ke samar da insulin mai daidaita sukarin jini, da ruwan da ke narkar da abinci. Ciwon dajinta yana girma a ɓoye. Kafin ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, mutum ya rame, ciwo ya riƙa sukar sama da cibiya yana ratsawa zuwa baya, galibi ya yi nisa. Mu kuma sai mu ce shawara ce, a yi ta jiƙo wata da watanni. Idan kumburin ya nannaɗe manyan hanyoyin jini da ke kusa, wuƙa ba ta iya raba su lafiya.

A irin wannan hali, muddin ciwon bai bazu zuwa hanta ko huhu ba, akan fara da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, na wasu watanni, sannan a duba yiwuwar gashi. Kalmar nan tana tsorata mutane. Wata dattijuwa ta taɓa riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, da wuta za su gasa ni?" Na ce, "Mama, babu wuta." Haske ne mai ƙarfi irin na hoton ƙirji, ana auna shi daidai kan kumburin. Za a fara ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira CT, a yi 'yan alamomi a fatar ciki, kada a goge su. Mutum ya kwanta shiru na 'yan mintoci, injin ya kewaya shi, ba ya jin komai. Wani lokaci a ce ya riƙe numfashi, domin gaɓar tana motsi da numfashin. Yawanci kwana 5 ne a mako, na mako 5 zuwa 6. Akwai sabon salo da ake gamawa a zama 5, sai dai ba kowace cibiya ke da shi ba. Da ya koma gida, ya ɗauki jikansa, ya ci abinci kwano ɗaya da kowa. Hasken ba ya bin sa.

Ba zan ɓoye muku ba, gashi ba ya cika warkar da wannan ciwo. Wani bincike mai suna LAP07 da aka wallafa a 2016 ya nuna bai ƙara tsawon rai fiye da kemo kaɗai ba, amma ya fi danne kumburin a inda yake. Yana kuma rage ciwo, kuma wanda ya kwana uku a zaune saboda bayansa ya san darajar wannan. Gajiya, tashin zuciya, gudawa da rashin cin abinci kan biyo baya. Ku faɗa mana da wuri, akwai maganinsu. A riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa.

Akwai sashen gashi a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, a Nijar kuma an buɗe cibiya a Yamai a 2021. Kafin ku kama hanya, ku sa likitanku ya tuntuɓe su ya karɓa muku rana, ku tafi da duk hotuna da sakamakon gwajin naman da aka tsinka.